Taron da Aka Hana Mushe Magana

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba, aka tura ni wani ƙauye da ke tsakanin Madawa da Buza, aka ba ni aji biyar. Ku da kuka san ni yanzu da furfura da saurin cewa "to, ku me kuka gani?" da ba ku gane ni ba a wancan lokacin. Saurayi ne ni ɗan cikin gari, riga a goge, alƙaluma uku a aljihu, kuma a ganina duk yaron da ya zauna gabana ya yi sa'a. Yara da iyayensu Mushe suke ce mini, kamar yadda ake ce wa kowane malamin boko a wajenmu, ni kuwa ina jin sunan har cikin ƙashina.

Ajina rumfar zana ce, irin wadda iyaye ke kafawa bayan girbi, a kwashe ta kafin ruwa ya sauka. Allon da na tarar, wanda yara ke kira tabulo, ya yi fari fat don tsufa. Ranar kasuwar Buza na sayo baƙin fenti na mai, na shafe shi har sau biyu da hannuna, ya fito yana sheƙi kana iya ganin fuskarka a ciki. Na tsaya gaban yara na ce su duba da kyau, duk makarantar nan babu allo irin namu. Suka ce haka ne, Mushe.

A ranar farko na jera su bisa tsawo, gajeru gaba, dogaye baya. Akwai wani yaro da ya fi kowa tsawo da shekaru, 'yan ajin duk Yaya suke ce masa. Ya riga ya maimaita ajin sau ɗaya, ƙafafunsa kuma ba sa shiga tebur. Na sa aka ɗauko bulo biyu na ƙasa aka ɗora a kusurwar baya ta hagu, na ce masa, "Nan ne wurinka. Kar in ga ka motsa daga nan har shekara ta ƙare." Ya ce to.

Yaron nan ya ba ni haushi a shekarar nan ba kaɗan ba. Da safe in muna lissafin ka, kafin in rufe baki ya ɗaga ƙaramin allonsa da amsa, kuma daidai. Amma da an dawo daga hutun hantsi, an shiga aikin rubutu, sai ya zama wani mutum. Littafinsa rabi da rabi, wani layin babu kai, wani babu gindi. Na yanke hukunci a raina cewa kwanya yana da ita, lalaci ne kawai ya yi masa katutu, kuma na faɗa masa haka gaban kowa ba sau ɗaya ba. Layin da yake zaune kuma, daga gaba har baya, bakinsu ba ya hutawa. Da na juya baya sai in ji ƙus-ƙus. Shugaban aji, wanda muke kira shef, shi ke rubuta sunayen masu surutu, kuma kullum su biyar ɗin nan ne a takardarsa. Har suna na sa musu, layin kasuwa. Sharar filin makaranta ta zama tasu kamar gado.

Da aka yi jarrabawar ƙarshen shekara, Yaya ya faɗi warwas. Doka kuwa ba ta da wasa, wanda ya maimaita ya sake faɗuwa, sai gida. Tun kafin nan mahaifinsa, wani manomi marar yawan magana, ya tare ni a hanya ya ce, "Mushe, in ya hwaɗi bana ma, lakwal ta ƙare. Yayyenai na can wurin bida, in anka gama noman hwari shi bi su." Lakwal, wato makarantar boko. Wanda ya san ƙasarmu ta Adar ya san bida, tafiyar nan da samari ke yi zuwa ƙasashen nesa neman na kai, wasu shekara biyu, wasu sai dai labari. Yaron bai wuce sha huɗu ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce wa uban gaskiyarsa ce. Saura mako guda malamai mu zauna da darakta, shugaban makarantarmu, mu sa hannu a takardar waɗanda suka wuce da waɗanda aka sallama, sunan Yaya kuma yana cikin na biyun.

A cikin makon ne na tuna da wani umarni da aka ba mu a taron malamai a Buza. An ce kafin a rufe makaranta kowane malami ya zauna da ɗalibansa su waiwayi shekara, su faɗi abin da ya yi daɗi da abin da bai yi ba, yara su koyi faɗin ra'ayinsu da sauraron na wani cikin ladabi. Na ce wannan ai ruwa ne a wurina. Ranar Talata na tsaya gaban allo na rubuta kan magana da manyan baƙaƙe, na yi musu jawabi da Faransanci mai daɗi. Na ce a ganina shekara ta yi kyau ƙwarai, mun gama karatunmu, ajinmu ya fi kowanne tsafta, matsalarmu biyu ce kawai, surutun wasu da lalacin wani. Sannan na ce, to, fili naku ne, kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro. Na nuna shef.

Shef ya miƙe ya ce abin da Mushe ya faɗa shi ne. Na nuna na kusa da shi, ya ce abin da shef ya faɗa shi ne. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ko mutum guda bai saɓa ba. Tun shayin da na bari a ofis bai huce ba muka gama. Na fito ina jin daɗi, ina cewa a raina kai, wannan aji akwai haɗin kai.

Gidan da nake zaune na wani dattijo ne, ɗaya daga cikin masu zama a ƙofar maigari. Mutum ne mai son tsokana, ya mai da ni kamar jikansa. Da azahar muna cin abinci a gindin bedi na ba shi labari ina ta kurari. Ya bari har na gama, ya suɗe hannu, ya ce, "Mushe, wa yah hwara magana?"

Na ce, "Ni mana, Baba."

"Bayanka hwa?"

"Shef."

Ya kwashe da dariya har yana tari. Ya ce, "To ai ba taro kay yi ba, ɗana, huɗuba kay yi. Ka taɓa ganin wanda yat tada hannu ga huɗuba yac ce liman bai hwaɗi daidai ba? Garin ga, in babba yay yi magana an ɗaure bakin jikka. Ɗiyan ga amin kawai sunka ce ma."

Abin ya sosa mini rai. Na ce ai na ce musu su faɗi ba tsoro. Ya ce in tanadi Faransancina, gobe da la'asar akwai zama a ƙofar maigari, in zo in zauna a baya in ga yadda jahilai ke yin nasu.

Na je, don in nuna masa ba girman kai gare ni ba, alhali shi ne cike da cikina. Maganar ranar ita ce yaushe za a ɗaure dabbobi, tunda gajimare ya fara haɗuwa, masu shuka na so a ɗaure yanzu, masu awaki na cewa ba su da abin ba su a gida. Magana ce mai zafi, na zaci za a yi ta ihu. Sai na ga maigari ya zauna yana zane a ƙasa da tsinke kamar ba da shi ake ba. Wani matashin magidanci, wanda bai fi ni shekaru ba, shi aka fara ba baki. Bayansa na gaba da shi, a haka ana hawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk wanda zai saɓa wa wani sai ya fara maimaita maganar mutumin. Ya ce, "Na ji ta wane. Yac ce kaza da kaza. Haka kac ce?" Sai wancan ya amsa cewa haka ya ce, sannan wannan ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, ga tawa." Wani ya maimaita maganar maƙwabcinsa a karkace don ta yi masa sauƙin rushewa, aka mai da shi baya har sai da ya faɗe ta daidai, kuma da ya faɗe ta daidai rabin fushinsa ya tafi. Maigari bai buɗe baki ba sai da kowa ya juye abin da ke cikinsa. Ya yi magana gajeriya, aka shafa fatiha.

A hanyar gida dattijon sai murmushi yake yi yana buga sandarsa. Ni na gaji na ce, "Baba, zan sake." Ya ce zai zo kallo, amma da sharaɗi. Daga bismilla har ƙarshe bakina a rufe, ni ne na ƙarshe. Na ce wannan ai ba wuya. Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Ranar Alhamis bayan hutun hantsi na sa aka tura tebura gefe, aka shimfiɗa tabarmi, muka zauna da'ira a ƙasa har da ni. Dattijon ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa. Na ce yau da Hausa za mu yi, kuma irin na ƙofar maigari, ƙarami ke farawa, wanda zai saɓa ya maimaita, Mushe kuma ba ya magana sai kowa ya gama. Ashe ba sai na yi dogon bayani ba. Yaran nan sun san tsarin fiye da ni, tun suna goye suke ganinsa, ba su dai taɓa zaton yana da izinin shiga aji ba. Nan take aka hau gardamar wa ya girmi wa. Wani ya ce ya ba wani kwana uku, wancan ya ce a je a tambayi ungozoma. Da ƙyar aka jeru.

Mafi ƙanƙanta a ajin wata yarinya ce mai ɗan siririn murya, iyayenta Kiristoci ne suna aiki a asibitin mishan, ita tana zaune wajen kakarta. Ita ce a gaban layin kasuwa. Ta fara da abin da ya yi mata daɗi, ta ce ranar da muka dasa itatuwa. Na gaba ya ce waƙar da aka koya musu. Wani ya ce ranar da akuya ta shigo ta cinye littafin shef. Ana haka aka zo kan wani ɗan ƙiriniya, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta tsofaffi, ya shafa gemun da babu, ya ce, "Ni dai, jama'a, ranar da tah hi mani daɗi bana, ranar da Mushe yah hwaɗi bisa moto cikin rairai, ƙahwa sama."

Idanun aji duk suka dawo kaina. Sai dattijon ya fashe da dariya daga bakin ƙofa, rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Na buɗe baki zan ce ai tayar babur ɗin ce ba iska, dattijon ya buga sanda a ƙasa ya yi tari. Na haɗiye. Da yaran suka ga an yi wa Mushe dariya kuma sama ba ta faɗo ba, sai bakuna suka buɗe.

Aka shiga abin da bai yi daɗi ba. Wata yarinya ta ce su mata ne kullum ke ɗebo ruwan randar aji, maza na ƙwallo, kuma su ne ke fara shanyewa. Wani yaro ya yi wuf zai mayar, aka ce ya maimaita tukuna. Ya ce, "Na ji ta ƙanwata. Tac ce mata sun gaji da aiki." Ta ce, "Ba haka nic ce ba." Ya sake, ya ce ta ce maza ɓarayin ruwa ne. Ta ce ba haka ta ce ba. Sai a karo na uku ya faɗe ta yadda take, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "To, Allah shi ba ki haƙuri, ni ma dai tawa ke nan." Dariya har da masu kwanciya a tabarma. A wurin suka yanke cewa baɗi ɗebo ruwa kwana-kwana ne, maza yau, mata gobe, ba wanda ya tambaye ni.

Ina cikin jin daɗi, ina cewa a raina ashe haka abin yake da sauƙi, sai 'yar ƙaramar nan ta ɗaga yatsa. Ta dube ni ta ce, "Mushe, in an hwaɗi, ba a bugu?" Ba ni da izinin magana, sai na girgiza kai.

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma, ta ce, "Ni abin da yay yi mani ciwo bana, shara. Kullum layinmu ka shara, an ce surutu muka yi. Mu ko ba surutu na ba. Abin da Mushe yar rubuta ga tabulo nika karantawa, in hwaɗa ma na bayana, shi hwaɗa ma na bayanai, hat ta kai ga Yaya. Don in hantsi yay yi, daga wurin da Yaya yake ba a ganin komi ga tabulo, sai haske."

Bakina ya buɗe da kansa, sanda ta bugi ƙasa, na rufe.

Na bayanta ya karɓa. Ya ce gaskiya ne, kuma aikin da wuya, don magana in ta taso daga gaba tana akuya, kafin ta kai baya ta zama tunkiya, Yaya kuma abin da ya iso kunnensa shi yake rubutawa. Na uku ya ce ranar jarrabawa ce ta fi ciwo, saboda tambayoyi a allo suke, Mushe kuma yana yawo tsakanin layuka, ba mai iya motsa leɓe. Ya ce ya waiga ya ga Yaya zaune da alƙalami a hannu yana kallon haske, shi ma sai da ya kasa gama nasa.

Shef ya nemi baki. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Na ji ta ƙanwata. Tac ce ba surutu suka yi ba, karatu suka miƙa ma Yaya. Haka kic ce?" Ta ce haka ta ce. Ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri, ga tawa. Mushe yac ce duk bakin da yam motsa in rubuta, ni ko ban iya ƙin maganatai. Amma na san abin da a ciki. Shi yas sa tsintsiya mai kyau su nika ba, kuma in Mushe ya shiga ofis ina kama musu." Yarinyar ta ce ta ji, kuma gaskiya ne yana kama musu.

Wata daga can gefe, wadda ba 'yar layin ba, ta yi tambayar da ke cin raina. Ta ce to me ya hana a gaya wa Mushe tun farko? Ɗan ƙiriniyar nan ne ya amsa, wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Mushe da hannunai yas shahwa ma tabulo fenti, yac ce babu irinai duk lakwal. Wa ka zuwa shi ce mai fentin ga shi ad da laihi?"

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Amsoshi sun cika mini baki, kowacce tana neman wanke ni. Ai da sun faɗa. Ai ni ba boka ba ne. Ai wata tara ba kwana tara ba ne. Da da hali da na zubo su duka, kuma na tabbata da na zubo ko ɗaya, da yaran sun ce haka ne Mushe, an wuce wurin.

Na ƙarshe kafin ni shi ne Yaya. Tun da aka fara bai ɗaga kai ba. Kansa a sunkuye ya ce, "Na ji ta kowa, na gode. Ni ba ni da ƙara. Mushe yac ce nan a wurina, kar in motsa, ban ko motsa ba." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Amma ina son lakwal. Lissahi nika so."

Dattijon ya dube ni ya ce, "Mushe, an iso gare ka."

Na tashi na taka zuwa kusurwar baya, na zauna a kan bulo biyun nan, karo na farko tun da aka kafa rumfar. Na ɗaga kai na dubi allo. Akwai wata 'yar kafa a sama inda zana biyu ba su haɗu ba, rana ta ratso ta nan ta sauka kan fentina mai sheƙi, ta dawo cikin idona. Rubutun da na yi da hannuna ranar Talata, manyan baƙaƙe, ban ga ko ɗaya ba. Na karkata hagu, na karkata dama, sai hawaye da hasken ya tara mini, ko kuma dai ba hasken ba ne kaɗai. Wata tara yaron nan yana zaune a nan, ina kiransa malalaci.

Na dawo cikin da'ira na zauna. Na ce, "Na ji taku. Kun ce ba surutu kuka yi ba, kuma Yaya ba lalaci gare shi ba, tabulo na ba ya gani. Haka kunka ce?" Suka amsa a tare, a hankali, haka munka ce. Na ce, "To ni ba ni da tawa. Taku ita a gaskiya. Ni nay yi kuskure, ku gahwarce ni. Yaya, kai musamman, ka gahwarce ni."

Yaran suka rasa inda za su sa idanunsu, ba su taɓa jin babba ya roƙi yaro gafara ba. Yaya ya rufe fuska da hannu yana cewa ba komi, Mushe, ba komi. 'Yar ƙaramar ce ta cece mu duka. Ta ɗaga yatsa ta ce, "To Mushe, gobe wa ka shara?" Na ce ni. Rumfa ta kaure da ihu da tafi, dattijon ya miƙe yana share ido da hannun riga ya ce an rufe taro. Washegari kuwa na yi sharar, ajin gaba ɗaya suna tsaye suna nuna mini inda na bari.

A ranar na je wa darakta da maganar. Mutum ne mai jiki da son bin doka, ya ce jarrabawa ta wuce, ba a mai da hannun agogo baya. Ban yi gardama ba, na roƙe shi abu ɗaya, ya zo da hantsi ya zauna a wurin yaron. Ya zo, ya zauna, bulo ɗaya ya fashe a ƙarƙashinsa. Yana zaune a karkace ya ƙura wa allo ido, ya daɗe, sannan ya ce mini in kawo sababbin tambayoyi gobe, shi da kansa zai tsare. Yaya ya sake jarrabawa a tebur na gaba, gwiwoyinsa a waje. Rubutun Faransancinsa da saura, ba zan yi muku ƙarya ba, amma lissafi ya share shi tas, kuma jimilla ta haye da shi. Ranar da muka zauna sa hannu, da alƙalamina na soke sunansa daga wannan takarda na mai da shi waccan.

Na zaci magana ta ƙare, ashe da saura. Na sami mahaifinsa a gona yana gyara jerin duwatsun tare ruwa, na kwashe komai na gaya masa, har da fentin. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Na ji taka, Mushe. Kac ce yaro ba shi da laihi, kuma ya wuce. Haka kac ce?" Na ce haka na ce. Ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, ga tawa. Na riga na aika ma yayyenai cewa shina tahe, sun yi mai wuri. Magana ta hita. Sai na yi shawara." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya kamar in ƙara wani abu, sai na tuna abin da na koya a makon, na yi masa sallama na tafi.

Hutun nan bai yi mini daɗi ba. Ina Madawa, ana ta ruwa, gero ya yi kyau, kowa na murna, ni kuwa duk motar da na gani cike da samari ta nufi kudu sai na leƙa.

Da aka yi girbi na koma, aka sake ba ni 'yan ajina a aji shida. Na sauka daga moto na tarar iyaye sun fito kafa rumfuna. A saman tawa akwai mutum ɗaya yana ɗaure zana, ya ninka ta biyu ta wajen gabas, yana jan igiya da haƙori. Mahaifin Yaya ne. Daga cikin rumfar kuma na ji wata murya da ta fara buɗewa tana cewa, "Baba, ja ta dama kaɗan, har yanzu rana na shigowa nan." Na leƙa, ga Yaya tsaye a kusurwar baya, jakar littattafai rataye a kafaɗa tun ba a buɗe makaranta ba. Murna ta kama ni. Uban ya leƙo daga sama ya ce, "Mushe, sannu da zuwa. Shiga ka zamna can baya ka duba muna, an ce yanzu kai ma ka san wurin."

Na shiga na zauna a ƙasa na duba. Inuwa ce lumshi ko'ina, allon kuma, wanda na kankare fentinsa da yashi kafin in tafi hutu, ya koma mummuna kamar na kowa, ana ganinsa daga kowace kusurwa.

Na koyar a makarantu da dama bayan nan, kuma kowace shekara ina yin wannan zama kafin a rufe, sai dai yanzu ba na jiran ƙarshen shekara kaɗai. Na ji abubuwa masu daɗi a ciki, na ji waɗanda suka hana ni cin abincin rana. Har yau shirun yana yi mini wuya, bakina na ƙaiƙayi kamar na wancan saurayin mai alƙaluma uku. Abin da ke riƙe ni shi ne in na tuna yadda ya rage kaɗan. Yara talatin da wani abu sun san gaskiya wata tara, suna ƙaunar ɗan'uwansu har suna shara dominsa, kuma ladabin da muka koya musu ne ya rufe musu baki. Da na yi magana a farko a karo na biyun ma, da yaron nan ya hau mota, ni kuma da har yanzu ina ba da labarin wani malalaci da na taɓa koyarwa.